Jitar da Ta Ƙi Jan Gari

"...lafiya lau, sai dai wuyana ya ƙage da kallon jitarka a waya. Ina take? Ko likita ya hana ta shan iska?"

Gaisuwar da Junu ta tarbi ɗan kawunta Tekendra da ita ke nan, a tsakar gidan kakarsu a garin Pokhara, ranar da za a fara zagayen waƙa gida-gida na Tihar, bikin fitilu. Tun tana 'yar sakandare ita ke kaɗa wa ƙungiyar unguwa bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya. Bana sai ga Tekendra ya dawo daga aiki a Japan da tasa, ƙirar hannu. Samarin ƙungiya suka ga hoto suka rikice, suka ce shi zai kaɗa, ga shi kuwa mutum ɗaya ake bukata. Junu ta ce ai ba komai. Tun ranar ko shinkafa ba ta ƙara yi mata daɗi ba.

"Taubashiya ke nan!" in ji Tekendra, yana nuna tsohuwar jitar da ke rataye a bayanta. "Har yau da wannan muciyar kike yawo?"

"Muciyar da ta ciyar da kai wainar gidajen mutane tun ba ka san hanyar filin jirgi ba. Buɗe mu gani."

Ya buɗe jakar a hankali kamar mai kwance jariri. Itace ne kalar zuma, babu ɗigon fenti, zanen jikinsa kwance kamar ruwa. Yatsun Junu suka fara ƙaiƙayi, ta yi maza ta cusa su cikin mayafi.

"Au, ba su ƙarasa ta ba? Kuɗin fentin ne ya gagare ka?"

"Baƙauya. Mai kawai ake shafa mata don itacen ya yi numfashi. Tsohon da ya sassaƙa ta, sai da na bi layi a ƙofarsa kamar mai neman aure."

"Da kuɗinta ai ɓaunar gida uku za ka saya, irin waɗanda ake tatsa, wataƙila ma a samu mai tausayin da za ta aure ka. Ɓauna tana ba da madara. Wannan me take bayarwa?"

"Murya."

"A sifikarmu? Wadda akuya ta cinye wa gefe? Kome ka jona mata, kukan kwaɗo take yi."

Tekendra ya jawo sifikar. Ya jona waya, ya ja tsirkiya ɗaya. Sautin ya bi ƙasa ya hau ƙafafun Junu har cikin haƙarƙarinta, ya ƙi mutuwa.

"Yaya kika ji?"

"Kamar cikin Kawu in ya ci wake."

"Hassada za ta kashe ki, yarinya."

"Ni? In yi hassadar katako?"

"To, fito da hannunki daga mayafi mana."

Ana haka sai ga kakarsu Dhansuba ta fito da faranti: jan gari kwaɓaɓɓe da kindirmo da shinkafa, ga ɗan kaskon mai. A gidan nan abin kiɗa ba ya tsallake ƙofa ranar biki sai ta sa masa albarka. Ta dangwala wa ganga, ta dangwala wa sifika. Junu ta miƙa tata jitar, wadda jan garin shekarun baya ya riga ya yi wa ɓawo a ka, tsohuwa ta lafta mata har yana gangarowa. Sannan ta juya wajen sabuwar jitar.

Tekendra ya rungume jitarsa ya ja da baya. "Kaka, tsaya! Wannan itacen komai sha yake yi. In jan nan ya shige shi, ba ya fita har abada."

"Ai don kar ya fita ake sawa," in ji tsohuwa.

"A shafa wa jakar, to."

"Jakar ce za ta yi waƙa? Wadda ba a shafa wa ba ba ta shiga gidan mutane."

Daɗi ya kama Junu har kunne. "Kaka, ki cika mata hannu, baƙuwa ce. Ƙara mai, ya ce mai take so. Kai kuma taubashi, kar ka manta kowane gida sai an sake dangwala mata. Ga yara da tartsatsin wuta, ga tsofaffin da suka sha giyar gero, kowa sai ya taɓa."

Tekendra ya dubi farantin, ya dubi jitar, ya sake duban farantin. Sai ya kwantar da ita cikin jaka.

"Kin ci, mayya. Kaɗa muciyarki. Ni a ba ni ganga."

Gurbin Junu ya dawo, ya kamata ta yi guɗa ta wuce. Amma ganin za a rufe jakar, hannun da ta tsare tun ɗazu ya kuɓuce mata. Sau ɗaya tak ta shafi wuyan jitar. Da ta ɗauke, sai ga shatin babban yatsanta jajawur a kan itacen, jan da ta kwaso daga tata.

Tekendra ya murza da gefen riga, jan ya ƙara zama.

Kaka ta leƙa ta gyaɗa kai. "Madalla. Ta samu albarka, sai ta fita."

"Ba da gangan..." in ji Junu. Da hannunta ta buɗe wa kishiyar muciyarta ƙofa.

Tekendra ya daɗe yana kallon shatin. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da riƙe ciki.

"Na tsallake teku da ita ko ƙura ba ta taɓa ba, sai ga yatsan baƙauya! Ungo. Ke kika yi mata shaida, ke za ki goya ta. Ni in na ga ana lafta mata a kowane gida, suma zan yi."

Ya rataya mata a wuya. Junu ta ja tsirkiya, ta lumshe ido, ta sake ja.

"To, faɗi gaskiya. Ta ci kuɗinta?"

"Ɓauna ɗaya," in ji Junu, ba ta ko buɗe ido ba. "Ita ma ramammiya. Ɗauko min muciyata ka biyo ni."