Ranar da Na Ƙara Ɗa

Masu binciken zaman iyali sun zo gidana a Matameye, wata madam ta tambaye ni ko fatauci yana hana ni sanin 'ya'yana. Na haɗe rai.

"Madam, gidana a tsare yake. Yara, ku jeru!"

Na bi su daga babba zuwa ƙarami. Na dafa kan na ƙarshe, na ce, "Ga autana Sani. Dubi goshin, nawa ne sak."

Matata ta leƙo daga madafa. "Malam, wannan ɗan maƙwabcinmu Idi ne. Sani yana bayanka, yana kuka."

Har yau, sallah na matsowa, Idi yakan turo mini yaron: "Je ka wajen babanka ya ɗinka maka kaya."