Rantsuwata da Kunamar Beli

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da bikin Beli ba. Ko ma na so in manta, matan Kurugu ba za su bar ni ba, don har yau akwai masu ajiye da bidiyon a wayoyinsu kamar hoton aurensu.

A lokacin ni ce shugabar matan jam'iyyarmu a mazaɓar Kurugu, kuma ba shugabar zaman ɗaki ba ce. Babu gidan da ban shiga ba, babu sunan da ban je na yi barka na bar tallan ɗan takararmu ba. In na karɓi lasifika a taro, maza ma gyara zama suke yi. Sai aka yi zaɓen cike gurbi na ɗan majalisarmu, aka kayar da mu. (Na ce "aka kayar da mu" ne don a zauna lafiya. Ni dai har gobe a wurina ƙwace aka yi.)

Wanda ya hau kujerar, da maganar lafiya ya yi yaƙin neman zaɓensa. Wai za a gyara ƙananan asibitocin ƙauyuka, a ajiye malamar jinya da ba ta guduwa birni, mai ciki da ƙaramin yaro a duba su kyauta. Mu kuwa muka ce zancen banza ne. Da aka fara aikin, na ga an shafa wa asibitin garinmu shuɗin fenti an kafa allo mai hotonsa, sai na raɗa wa abin suna "asibitin fenti". Sunan ya bi gari har Ƙaraye, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Amma kada ku ɗauka adawa ce kawai. Ƙanwata Rabi a hanyar Ƙaraye ta rasu, a bayan mota, tana naƙuda, saboda mun je asibitin garinmu mun tarar da kwaɗo a ƙofa. Shekaru sun ja, amma har yanzu in na ji ɗan siyasa ya hau mumbari yana cewa "lafiya", zuciyata tafasa take yi. Na tsani a yi wasa da wannan kalmar. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne ko namu ɗan takarar da ya ci zai yi abin da ya fi haka.

To, ana cikin wannan zafi sai ga bikin 'yar gidan yayan Hajjo a Beli. Hajjo taubashiyata ce, mahaifinta wan mahaifiyata ne, don haka tun muna yara take kira na baiwarta. Kuma don Allah ya jarrabe ni, ita ce shugabar matan ɗaya jam'iyyar a can garinsu. An fitar da anko mai kyau, na ƙi ɗinkawa. Na ɗauko atamfar kamfen ɗinmu, mai hoton ɗan takararmu da aka kayar, na ɗaura. Maigidana ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Biki za ki ko taron siyasa?" Na ce masa duk wanda na tarar. (Wani abu da ban lura da shi ba sai daga baya: yadda telan ya yanka zanin, in na ɗaura, fuskar ɗan takarar tana sauka ne daidai mazaunaina. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Tun daga ƙofar gida raina ya ɓaci. Ga motar kamfen ɗinsu nan a fake, bas mai lasifika biyu a ka, hoton Onarabul ɗinsu yana murmushi a kowane gefe. Wai Hajjo ce ta aro ta don kai amarya. Na tofar da yawu na shige.

Bayan azahar, tsakar gida ta cika, ana ta kwashe shinkafa daga manyan tukwane, sai ga Hajjo ta taho tana rangaji.

"Lale marhabin da baiwata! Ya gajiya, ya kuma haƙurin faɗuwa? Ai da kin aiko kin ce ba ki da zani, da na ba ki kwance, da ki zo mana sanye da fuskar mutumin da ko akwatin ƙofar gidansu bai kawo ba."

Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Hajjo, ki ji tsoron Allah. Ku da kuka sayi ƙuri'a da taliya da sabulu, har kina da bakin magana?"

"Ku me kuka raba?"

"Mu atamfa muka raba, ita kuwa sutura ce."

Aka sake fashewa. Da a nan muka tsaya, da wasan taubasai ne kawai, kowa ta ci shinkafarta ta tafi. Amma sai Hajjo ta juya ga matan ta ce su faɗi tsakaninsu da Allah, asibitin garin nan a buɗe yake yanzu ko a rufe? Wata ta ce a buɗe, surukarta ma can ta haihu. Wata ta ce an duba ɗanta ba ta ba da ko sisi ba. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka, ta ce ita dai farasitamol aka ba ta aka ce ta sayi sauran a kemis. Na cafe wannan na riƙe da hannu biyu.

"Kun ji ko? Asibitin fenti! A shafa wa bango shuɗi, a ba ku farasitamol, ku yi ta guɗa!"

Hajjo ta ce, "In ciwo ya kayar da ke, da ƙafarki za ki zo asibitin fentin."

Nan fa shaiɗan ya hau kaina. Akwai wani turmi a kife kusa da murhu, na taka na hau, mace mai jikoki, a gidan biki. Na ɗaga yatsa sama na ce, "Ku zama shaida! Wallahi tallahi, muddin hoton mutumin nan yana jikin allon, ƙafata ba za ta taka asibitinsu ba. Ko mutuwa zan yi, a bar ni in mutu a ɗakina!"

Gwaggo Abu, tsohuwar gidan, ta ce daga bakin ƙofarta, "Ke 'yar nan, sauko. Ba a rantsuwa a kan lafiya, ba a hannunki take ba." Na ji ta sarai. Amma 'yan ɓangarenmu biyu-uku da ke wurin sun riga sun rangaɗa guɗa, 'yan mata kuma sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, ni kuwa ji nake kamar yau aka sake zaɓen muka ci.

Na sauko ina huci, na ga duk tabarmin sun cika. Sai na hango wata kujerar tsuguno a jingine a gindin rumbu, cikin karan da aka tara na girki. Na jawo ta ban ko kaɗe ba, na zauna da ƙarfi irin zaman wadda ta gama da abokan gaba.

Jama'a, na haifi 'ya'ya, na san ciwo. Amma abin da ya soke ni a wannan lokacin, ji na yi kamar an ɗauko garwashi daga murhun nan an manna min. Na yi tsalle na kurma ihu. Sai ga kunama ta faɗo daga jikin zanina, baƙa wuluk, ƙatuwa, ta ɗaga ƙari tana neman hanyar komawa cikin kara. Wata ta take ta da takalmi, wata ta duba inda nake dafe ta ce, "Innalillahi, a goshin ɗan takara ta harbe ta!"

Ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙoƙari. Na cije na ce a kawo maganin gida. Aka shafa albasa, aka shafa manja, wata ta ce kananzir, shi ma aka shafa. Gwaggo Abu ta yi tofi. Aka aika kiran mai maganin kunamar garin, aka ce ya tafi cin kasuwa. Zafin kuwa sai hawa yake, ya bi cinya ya kama mara, gumi ya jiƙa ni sharkaf, haƙorana suna haɗuwa. Hajjo ta durƙusa kusa da ni, duk wasan ya bar fuskarta, ta ce a hankali, "'Yar'uwa, ki bari mu je. Allura ɗaya ce."

Na ce, "Na rantse."

Ban san iya lokacin da na ƙara ba, amma ba shi da yawa. Abin da na sani shi ne wata murya ta cika gidan, har maza a waje suka ji, kuma muryata ce: "Ku kai ni asibiti! Don girman Allah ku kai ni! Ko na fenti ne!"

To da me za a kai ni? Babur dai ba zan iya zama a kansa ba. Mota ɗaya ce a ƙofar gidan. Haka aka kinkime ni, mata huɗu, aka kwantar da ni rub da ciki a kujerar bayan motar kamfen ɗin abokan hamayya, fuskar ɗan takararmu tana kallon rufin mota, an shafe masa goshi da manja. Direban kuma (Allah ya isa tsakanina da shi) yana tayar da mota sai lasifikar ta kama da kanta, ko kuma shi ya kunna, waƙar Onarabul ta karaɗe gari. Haka muka ratsa Beli, yara na bin mu da gudu suna tafi, sun zaci amarya aka ɗauko.

A cikin motar Hajjo ta riƙe hannuna. Ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Da muka kusa, sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, "Da ma ranar Rabi asibiti a buɗe yake." Na juyar da fuskata jikin kujera na yi kuka, kuma wannan kukan ba na kunama ba ne.

A buɗe yake kuwa. Malamar jinya ta yi min allura a wurin harbin, kafin wani lokaci zafin ya kwanta kamar an zuba wa wuta ruwa. Ina samun sauƙi idona ya buɗe, na fara dube-dube. Famfon da ke bakin ƙofa ba ya kawo ruwa. Kantar magani rabinta wayam. Na ce wa Hajjo, "Kin gani ko? Ba na faɗa ba?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, baiwata ta warke."

Kafin in koma Kurugu bidiyo ya riga ni isa. Wata 'yar banza ta haɗa guda biyu wuri ɗaya: ga ni a kan turmi ina "wallahi tallahi", sai kuma ga ni ana cusa ni a mota ina "ko na fenti ne". Yara suka mayar da shi waƙa. In na fita unguwa sai in ji daga bayan katanga an ce, "Ko na fenti ne!" Shugaban jam'iyyarmu na mazaɓa ya aiko a gaya min wai na zubar musu da mutunci, in yi tunanin sauka. Na ce a koma a gaya masa ya zo ya zauna a kan kujerar tsugunon nan, in ya tashi sai mu yi maganar mutunci. Ban sauka ba, kuma babu wanda ya sake tayar da zancen.

Saura rantsuwa. Maigidana ya tambayo min malam, aka ce babu makawa sai kaffara, in ciyar da miskinai goma. Na yi niyyar in dafa a ɓoye in aika gidajen da na sani. Sai na zauna na yi tunani: wa nake ɓoye wa? Duk ƙasar nan an ga bayana, a zahiri ma, ba a karin magana ba. Na tuƙa tuwo na yi miyar kuka da nama, na wanke atamfar nan na goge ta, na ɗaura, na sa aka ɗaukar min kwanuka har asibitin garinmu, wanda na raɗa wa suna. Na taka shi da ƙafata, da rana tsaka, a ƙarƙashin allon mai hoto. Na nemi marasa hali cikin masu jinya na raba musu.

Ina cikin rabo sai ga Hajjo a bayan ɗan acaba, wai labari ya kai mata. Ta miƙo hannu ta ce ita ma miskiniya ce, a zuba mata. Na ce uwar ɗaki ba ta cin kaffarar baiwarta, ta je Onarabul ya ba ta taliya.

Tun daga ranar nake zuwa asibitin nan a kai a kai. In famfo ya ƙafe, ni ce mai kai ƙara. In magani ya yanke, har sakatariya nake zuwa a Ƙaraye in yi ta faɗa sai an gaji da ni. Wasu suna cewa na sauya sheƙa. Ƙarya suke yi, ƙuri'ata tana nan inda take, kuma zaɓe mai zuwa sai mun kayar da su in Allah ya yarda. Amma asibitin ba na uban kowa ba ne, kuma duk wanda ya ci, namu ko nasu, in ya bari aka sake maƙala kwaɗo a ƙofar nan, da ni zai yi.

Rantsuwa kuwa na daina, sai dai in ce "in sha Allahu". Kuma duk zafin da muhawara ta yi, duk yadda na ga na yi nasara, sai na kaɗe kujera kafin in zauna.