Rasuwar Ƴar Gurnani, jijiyar hannuna na hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai ɗauke da robar wankin jini, ni Malama Fanta Alkasum, tsohuwar direktiris, wato shugabar lakwal, makarantar ƴan mata, mazauniyar unguwar Birni a Damagaram, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan layin wankin ƙoda rasuwar abokiyar zamana, jijiyar hannuna na hagu, wadda gida ya sani da Ƴar Gurnani. Ta cika da hantsi, cikin wannan shekara ta fari, ba ta yi sallama da kowa ba.

Ban gama kuka ba labari ya zaga unguwa cewa bakin maƙwabciyata Lubabatu ne ya kama ta. Ni kuwa na ƙarar da ƙuruciyata ina hana yara rubuta amsar da ba su gwada ba, don haka na jinkirta sanarwar nan har na bincika. Ba son jin ƙwaƙwaf ba ne. Hannu ɗaya ya rage mini, na dama, a cikinsa kuma za a ɗinka magajiyarta. In ban san abin da ya kashe ta farko ba zai bi ta biyu, daga nan sanarwar da za a rubuta tawa ce.

An haifi marigayiya a ɗakin tiyata, ranar da likita ya ɗaura auren jijiyoyi biyu a tsintsiyar hannuna, mai harbawa da mai kwanciya, domin a sami hanya mai faɗi da jinina zai riƙa fita zuwa injin wanki ya dawo. Likitoci na kiranta fistil. Ina roƙon matan unguwa su daina kallon zanena in an faɗi sunan: ba waccan ta yoyon fitsari ba ce.

Ta kasance mai haƙuri. Duk ranar wanki ana soka mata allurai biyu masu kaurin tsinken tsire, ba ta taɓa kai ƙara ba. Magana ɗaya ta iya, zirrr, zirrr, kamar kyanwar da ta ƙoshi, ita ce kuma gaisuwar da nake fara amsawa kullum da yatsu biyu. Bukatunta kaɗan ne: kada a sa mata warwaro ko agogo, kada a kwanta a kanta, kada a ba ta kaya mai nauyi. Albarkacinta rabona da taɓarya har na manta nauyinta, kuma ba wanda ya isa ya ce mini raguwa.

Ciwon ajali ya fara mata da damina, in za a kira abin da muka gani damina. Muryarta ta siranta, zirrr ya koma fiii. Na kai ta wurin likitana, Lokotoro Mustafa, ƙanwata Barira na riƙe da jakata. Barira ta baro Gidimuni bayan takabarta don ta yi jinyata. Aji huɗu ta yi a lakwal, faransancinta ya ishe ta zuwa farmasi da dawowa.

Lokotoro ya ce hanyar ta fara tsukewa. Ya ce cikin jini akwai wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira filaket, su ne maginan jiki: inda aka yanke, su ruga su yaɓe. Sai dai magina ne marasa tambaya. Ba su rarrabe rauni da hudar allura, ko ɗinkin da jini ke hautsinewa a kansa. Su yaɓa yau, su yaɓa gobe, har su toshe ƙofar da mai gida ke fita. Ya rubuta wata ƴar farar ƙwaya da ke sa musu kasala, ya ce ba alkawari ba ce, taimako ce. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce: "Madam, in wani abu zai kashe ta, filaket ne. Ku kiyaye."

Muka kiyaye. Fiii ya koma tuk, tuk. Sannan shiru.

Na fara binciken da Lubabatu. Gaskiya ne ta taɓa kanga kunne a hannuna ta ce, "Kai Malama, kin fi injin niƙa!" ba ta haɗa da tubarkalla ba. Amma wannan tun marigayiya na jaririya ne, ban kuwa san bakin da ke jiran shekaru kafin ya kama aiki ba. Kullum kuma tana yabon awakinta, ga su nan suna cin katangata. Wasu suka ce fari ne, jini ya kafe kamar tabki. To, ni da likita ya ƙayyade wa ruwan sha tun ana ambaliya, farina ya girmi na gari. Aka ce na kwanta a kanta. Wanda ya ga yadda nake kwana da hannu a kan matashi kamar jaririn sarauta ba zai faɗi haka ba.

Lokotoro ya tambaye ni: "Madam, ƙaramar ƙwayar fa, kina sha?" Na ce duk abin da Barira ta zuba mini a tafi ina haɗiyewa.

Amsar ta zo daga buhun gero. A shekarar kirki ba ma ganin gindinsa, kafin ya yi rabi wani ya iso daga Gidimuni. Bana babu na biyu. Na sunkuya da ƙwarya ina kakkaɓe na ƙarshe, sai ga katunan magani jere a ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Na kira Barira. Ko gezau ba ta yi ba.

"Yaya, ai da ban ɓoye su ba da tuni ta mutu. Da kunnena na ji Lokotoro ya faɗa. Na rasa gane likitan da zai ce abu na kisa ne kuma ya rubuta a sayo."

Marigayiya ta bar ƙoda biyu da suka riga ta yin ritaya, da robar wuya da ke riƙon ƙwarya, wadda ta hana ni wanka da juya kai, da hannun dama wanda ke rubuta wannan, da Barira, wadda ta fi kowa kuka.

Ba za a kai ta makwanci yanzu ba. Za ta zauna inda take har ranar da za a sa mu rami ɗaya. Ana karɓar gaisuwa a gidana bayan la'asar. Kada a kawo zoɓo ko kunu, ba a yarje mini ba, wanda ke da gero dai ba za a mayar masa ba. An keɓe wa Lubabatu tabarmar gaba, waɗanda suka daina amsa sallamarta su zauna bayanta. Kafin fatiha za a karanta wa jama'a sanadin rasuwa, ga shi:

A faransanci, maginan cikin jini sunansu filaket. Katin da ake jera ƙwayoyin magani a cikinsa, shi ma sunansa filaket. Duk magungunana a kwalba suke zuwa, ƙaramar farar ce kaɗai ke zuwa a kati. Ban taɓa shan ko ɗaya ba.