Jirgin da Akuyar Inna Ba Ta Ci Ba

Wata uku na yi ina binciken fentin wani jirgin yaƙi na yaƙin duniya na biyu, irin wanda ake yi wa kalar ƙasa don kada abokan gaba su hango shi a hamada. Da katako na sassaƙa ƙaraminsa, bai wuce tafin hannu ba. Har Kano na je neman fenti, na tsaya ina yi wa mai shago lacca cewa ruwan ƙasa iri-iri ne, ba kowa ke ganewa ba.

Ranar da na gama, na ajiye shi a tsakar gida ya bushe, na tafi sallar Azahar. Da na dawo, babu jirgi. Akuyar Inna, mahaifiyata, ce kawai a wurin, tana tuƙa tana kallona.

Ga jirgi ya tafi, ga fenti zai kashe akuyar Inna. Na tura ta cikin bas sai Ɗambatta, wurin malamin dabbobi. Ya matsa cikinta, ya dube ni, ya ce, "Malam, jirgi ka ce ta haɗiye?" Masu shanu da ke layi duk suka matso.

Da yamma na tarar da Inna tana kwashe gyaɗar da ta shanya. Ga jirgina a tsakiyar gyaɗar, inda na ɗora shi da hannuna, kalarsa ta saje da ta gyaɗar, ko ƙwarzane babu. Na yi hamdala, akuya ta yi kwance abinta.

Har yau, ko allura ce ta ɓace a gidanmu, sai Inna ta ce, "Ku tambayi mai jirgi, wataƙila ya yi mata fenti."