Yadda Na Yaɓe Ingila a Tambuwal

Ba zan taɓa mantawa da aikin da na yi wa Hedimasta ba. Ko na so in manta, 'yan kabu-kabun bakin tasha ba za su bari ba.

Ni magini ne. Karatuna bai wuce firamare ba, amma yaɓe kam na iya. Hedimasta kuwa dattijo ne ɗan Sanyinna, an taɓa tura shi kwas Ingila yana saurayi. Can ya kwana a wani tsohon masauki, abin bai sake barin ransa ba. Da ya yi ritaya sai ya ce zai gina irinsa a bakin hanyar Sakkwato.

Ya nuna mini hoton masaukin. Farin bango ne, ga baƙaƙen katakai a fili, wasu a tsaye, wasu a gicciye, kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Benen ma ya turo ciki ya wuce na ƙasa. Ya ce ginin ya girmi kakan kakansa. Na ce, "Allah sarki." (Tausayi ne ya kama ni. Duk tsawon zamanin nan an rasa mai ƙarasa musu yaɓe.)

Mu a nan azara ba ta zama a waje. In aka ga itacen gininka, to ko ƙarfinka ya ƙare ko magininka ya gudu.

Kafinta ya kafa katakai a fuskar ginin, ya shafe su da baƙin mai saboda gara. Hedimasta ya ce mini, "Ka cike tsakani, ka sa fari, awa na hoto. In ya yi kyau, ɗakunan baya ma naka ne." Ya tafi ta'aziyya Fakku.

Na cike tsakani, na ja baya na duba, ban ga gini ba. Masu wucewa na ta tambaya ko aikin ya tsaya. Sunana ne fa a kai. Sai na sa raga da siminti na rufe katakan kaf, na shafe bangon sumul kamar ƙwai. Ban gaya wa kowa ba, kyauta na yi.

Hedimasta ya dawo da abokansa, tsofaffin malamai da wani akawun ƙaramar hukuma, mutanen da ya daɗe yana cika wa kunne da labarin Ingila. Ni kuma na sha rigar Juma'a na tsaya a ƙofa.

Ya sauko mota yana cewa, "Yanzu za ku ga..." Sai idonsa ya faɗa kan bangon.

"Magini, ina katakaina?"

"Suna ciki, ranka ya daɗe. Ko guda ba a gani. Na rufa maka asiri."

Akawu ya gyara tabarau ya ce, "Hedimasta, ashe Ingila awa ɗakin shan magani na Kebbe take?"

Hedimasta bai yi faɗa ba (da ya yi da ya fi mini sauƙi). Hoton ya ciro ya riƙe mini a fuska.

"Wanga, mi ka gani?"

"Gidan da ba a gama ba."

"Haka masu shi suka so shi. Katakon shi ne riƙon ginin, shi ne adonsa. Mutane har jirgi suke hawa su zo kallo nai."

Na ce, "Kallon haƙarƙari?" Wani malami ya shiga mota don ya yi dariyarsa a ɓoye.

Da kurfi da guduma na kankare simintin nan, a bakin titi, rana tsaka, kowa na gani. 'Yan kabu-kabu su rage gudu su ce, "Mai rufin asiri, sannu da aiki." Sunan ya bi ni har yau. Ɗakunan baya kuwa wani aka ba.

Yanzu duk wanda ya nuna mini hoto, kafin in ɗauki cokalin gini sai na tambaye shi: haka aka so shi, ko ba a gama ba ne? Masaukin Hedimasta na nan, baƙi na tsayawa su ɗauki hoto. Ni dai in na wuce kau da kai nake yi, don har gobe hannuna ƙaiƙayi yake.