Rakiyar Baba Mainasara

Malam Sallau mutum ne da bai iya cewa a'a ba, musamman ga wanda yake jin nauyinsa. A ranar Talatar da ake magana kuwa, mutum biyu masu nauyi ne suka tsaya masa a ƙofar gida, kowanne da hanyar da yake so ya bi zuwa filin jirgin sama.

Shekararsa tara a kujera ɗaya a kamfanin da yake wa aiki a Abuja. Waɗanda ya koya wa aiki da hannunsa yanzu su ne ke sa masa hannu a takardar hutu. Sai ga shi an kira shi Legas ya bayyana gaban kwamitin ƙarin girma da ƙarfe huɗu na yamma, aka kuma gaya masa a fili cewa kwamitin rana ɗaya yake zama a shekara, wanda bai zo ba sai baɗi. Jirginsa ƙarfe goma sha biyu na rana zai tashi.

Mutum na farko shi ne Ilu mai tasi, maƙwabcinsa. Ilu ne ya kai uwargida Asabe asibiti a haihuwarta uku, shi ke kai yara makaranta ranar da ake ruwan sama, kuma tun da hantsi bai yi ba ya wanke motarsa, ya fesa mata turare, ya kawo ta ya ajiye hancinta daidai bakin ƙofa.

Na biyu shi ne surukinsa, Baba Mainasara, mahaifin Asabe, wanda ya zo daga Zariya ganin likitan ido ya sauka a gidansu. Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana aikin reluwe. Har yau da agogon aljihu yake yawo, kuma a wurinsa duk abin da ba a kan dogo yake tafiya ba yawo yake yi, ba tafiya ba. Tun da ya ji cewa akwai jirgin ƙasa daga cikin gari zuwa filin jirgin sama ya sa aka goge masa babbar rigarsa.

"Da jirgi za ka," in ji Baba. "Ni zan raka ka."

Malam Sallau yana tsugune, takalmansa a gefe, idonsa a ƙasa. "To, Baba."

"Yallaɓai," in ji Ilu daga bakin mota, "na fa zuba mai tun jiya."

"To, Ilu."

Asabe tana tsaye a bayan labule da jakar maigidan a hannu. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, to biyu ka yi, kuma kai ɗaya ne."

"Na sani."

"To wanne za ka bi?"

Malam Sallau ya yi tunani irin na wanda ya daɗe yana raba gardama a ofis, ya fito da hukuncin da a ganinsa babu wanda zai ji an ƙi shi. Jaka za ta bi Ilu, da kwat ɗin da aka saya musamman saboda kwamiti da takardunsa da katin shaidarsa duk a ciki. Shi kuma zai bi Baba. A haɗu a filin jirgi.

Ilu ya goge tafukansa a riga. Ya karɓi jakar da hannu biyu, ya buɗe mata ƙofar gaba, ya zaunar da ita, ya ɗaura mata bel. Sannan ya kai su tashar jirgin ƙasa, don ba a zuwa tashar da ƙafa daga unguwarsu. Baba ya shiga motar da sharaɗin kada a lissafa wannan cikin tafiyar.

Ƙarfe tara daidai jirgi ya motsa. Baba ya ciro agogo, ya kai shi dab da idon da ya fi gani, ya gyaɗa kai kamar shi ya ba da umarni. Taragon fes yake, ga sanyi, ga kujeru babu kowa a rabinsu. Amma kujerar da ke kusa da Baba kafaɗa da kafaɗa ce, wadda ke fuskantarsa kuma ido da ido ce, ta nesa kuwa sai a ce ya guji tsoho. Saboda haka Malam Sallau ya tsuguna a ƙasa kusa da ƙafar surukinsa, ya riƙe ƙarfen kujera. Wani ma'aikacin jirgi ya zo ya ce, "Oga, akwai wuri fa." Malam Sallau ya ce ya gode, nan ɗin ya fi masa iska.

Minti arba'in suka iso. Baba ya sauko yana takawa kamar wanda ya ci zaɓe.

"Ina ɗan tasin naka?"

Malam Sallau ya juya baya ya buga waya a hankali. Ilu ya ce suna hanya, an samu cunkoso wajen wata gada, amma jaka tana lafiya.

"Cunkoso," in ji Baba, yana ɗanɗana kalmar. "Mu ba mu san shi ba."

Sa'a biyu da minti ashirin suka rage. Da a nan aka yi sallama, da yanzu Malam Sallau yana da ofis mai labule. Amma jirgin da ya kawo su shi ne zai juya cikin gari bayan 'yan mintoci, kuma ba a taɓa yi ba a ce suruki mai ciwon ido ya rako ka har nan, kai kuma ka juya ka bar shi a bakin dogo yana lalube.

"Baba, bari in taka muku zuwa kujera."

"A'a, je ka, kada ka makara."

"Taku biyu ne, Baba."

Ya kama masa hannu, ya shigar da shi tarago, ya zaunar da shi, ya gyara masa rigar. Ya tsuguna zai yi sallama, sai Baba ya ɗaga tafin hannu. Addu'ar matafiyi ce. Malam Sallau ma ya ɗaga nasa. Baba ya roƙa masa sauka lafiya. Ya roƙa wa matuƙin jirgin sama. Ya roƙa wa kwamiti, Allah ya sanyaya zukatansu ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kan Asabe da yara, kowa da sunansa, ya haɗa da 'yan'uwan da ke Zariya da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wata ƙararrawa ta yi ƙara a saman ƙofa. Malam Sallau ya ji ta sarai, amma ba a tashi a bar addu'a a tsakiya, balle wadda kai ake yi wa. Ya ƙara saurin amin ko Baba zai gane. Baba ya ɗauka jin daɗi ne, ya ƙara da tsofaffin abokan aikinsa na reluwe.

Da suka shafa, ƙofa a rufe take, filin jirgi kuma yana ja da baya ta taga.

"Ba komai," in ji Baba. "Abin da ya sa nake son jirgi ke nan. Ba ya ɓata. Inda ya ɗauko ka, can zai mai da ka."

A hanya wayar Malam Sallau ta yi ta rawa a aljihu. Sai da Baba ya ɗan gyangyaɗa ya samu ya amsa, tafin hannu a kan baki.

"Yallaɓai, mun iso. Kana ta wace ƙofa?"

"Ina hanya, Ilu."

"Ba ɗazu ka ce kun iso ba?"

"Mun iso. Yanzu kuma muna hanya."

Ilu ya ce, "To. Ni da jaka muna inuwa."

Goma da rabi suka sauka a tashar cikin gari. A bakin tashar ga motocin haya a jere, direbobi suna kiran filin jirgi. Malam Sallau ya dube su yadda mai azumi ke duban randa. Ya tattaro duk ƙarfin halin da bai yi amfani da shi ba cikin shekara tara ya ce, "Baba, tunda Allah ya dawo da ku gida, sai in sa a kai ku, ni kuma in ɗan yi sauri da ɗaya daga cikin waɗannan."

Baba ya tsaya cak. "Ka baro tafiyarka ka rako ni har cikin gari, ni kuma in sake ka ka koma kai kaɗai? A tasi? Me kake so a ce da ni a Zariya?"

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"To wuce mu je."

Suka koma taragon da suka fito. Ma'aikacin nan ya gan su, ya buɗe baki, ya rufe, ya matsa ya ba Malam Sallau wurin tsugunonsa.

Wannan karon Malam Sallau ya shirya. Tun suna hanya ya roƙi Baba ya yi addu'ar yanzu, aka yi ta aka gama, har da ƙari. Ya roƙe shi kada ya wahalar da kansa da sauka, ya yi zamansa jirgi ya mai da shi. Baba ya yarda. Sha ɗaya da minti ashirin ƙofa ta buɗe. Minti goma suka rage a rufe karɓar fasinja, kuma Ilu ya ce yana tsaye da jaka a hannu a ƙofar shiga. Malam Sallau ya yi sallama a tsugune, ya fita da baya, ya sa ƙafa a dandamali, ya juya zai ruga.

"Sallau."

Da ƙanensa ne, da ya ɗaga hannu ya wuce. Da maigidansa na ofis ne, da ya yi kamar bai ji ba. Amma kiran suruki ba a amsa shi daga nesa, ba a amsa shi a tsaye. Ya dawo, ya shiga, ya durƙusa.

"Na'am, Baba."

Baba ya miƙo masa agogo. "Duba nan. Karanta mini."

"Sha ɗaya da minti ashirin da ɗaya, Baba."

"Ka gani? Zuwa biyu, ko minti ɗaya bai ƙara ba. Mu ma haka muke a zamaninmu. Akwai wata shekara da damina, mun taso daga Zariya za mu Gusau da buhunan gyaɗa..."

Ba a katse babba. Malam Sallau ya bi buhunan gyaɗan nan tasha tasha. Suna dab da Funtuwa ƙararrawa ta yi ƙara. Kafin su kai Gusau ƙofa ta rufe.

Ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintoci, daga inda yake tsugune, ya hango wani farin jirgi ta taga yana hawa sama, ya karkata ya nufi kudu. Ya bi shi da ido har girgije ya haɗiye shi, da ofishin mai labule da komai. Baba ma ya ji rugugin, ya duba agogo.

"Naka ne wancan?"

"Shi ne, Baba."

"Madalla da shi. Shi ma yana kiyaye lokaci."

A tashar cikin gari Malam Sallau ya buga wa Legas waya. Wata mata mai ladabi ta ce masa babu damuwa ko kaɗan, za a sa sunansa a jerin baɗi. Ya buga wa Asabe. Ta saurara har ya gama, ta ce, "To. In ɗora da ku a abincin rana?" Ya buga wa Ilu ya ce ya dawo da jakar gida.

"A'a, Yallaɓai. Filin jirgi aka ce in kawo ta in damƙa a hannun mai ita. Ni a nan nake."

"Yana da gaskiya," in ji Baba, wanda kunnensa bai taɓa ganin likita ba. "Amana ce. Tashi mu je mu karɓo."

Ƙarfe ɗaya suka iso filin jirgi a karo na uku. Wannan karon duka biyun suka sauka, tunda babu sauran abin da ake sauri dominsa. Suka tarar da Ilu a wurin ajiye motoci, ya jingina da motarsa yana cin gyaɗa. Jaka ta koma kujerar gaba da bel ɗinta, an ɗan sauke mata gilashi ta sha iska.

Malam Sallau ya dafa motar ya tsaya a karkace. Gwiwoyinsa ma ba su gama miƙewa ba. Baba Mainasara kuwa ya gyara babbar riga, ya dubi motar daga hanci zuwa wutsiya, ya ɗaga agogonsa yadda Ilu zai gani.

"To, ɗan tasi, yau ka ga aiki. Sau uku muna zuwa filin nan, kowanne a kan minti. Kai sau nawa ka zo?"

Ilu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya ɗan rusuna.

"Sau ɗaya, Baba. Mu a tasi, in mun kawo mutum, ajiye shi muke yi."