Ranar da na yi wa motar Bature wankin tukunya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, ko sunan jikokina sai na kira wannan na kira wancan kafin in dace, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na wanke injin motar Bature ba.

Lokacin ina amarya, ko lallen ƙafata bai gama gogewa ba. Daga Zugurma aka kawo ni Kontagora, gidan maigidana, direban Baturen gona. Zamanin Turawa ne, mota a garin ba ta da yawa, saboda haka matar direba ba ƙaramar mace ba ce (ni kaina in zan je rijiya tafiya nake kamar ni ke tuƙa ta). Motar koriya ce shar, tana kwana a rumfar da ke jikin zanar gidanmu, a bayan bariki.

Baturen nan ba ya faɗa, ba ya zagi, amma yana da wata jaraba tasa. Duk sanda ya dawo daga tafiya sai ya sa a ɗaga murfin inji, ya zaro farin hankici ya goga ciki da waje. Direban da ya riƙe motar kafin Malam (haka nake kiran maigidan, mu a lokacinmu ba a kama sunan miji) an sallame shi ne don baƙin mai ya ɗiga a jikin fenti ya bar tabo. Aikin nan kuwa shi muke ci, shi surukata ke ci a ƙauye.

To da damina Bature ya tafi rangadi wajen Dukku a kan doki, don hanyar ba ta biyuwa da mota. Yana can masassara ta kwantar da Malam, irin mai karkarwa har haƙora na haɗuwa. Ana cikin haka masinja ya leƙo ya ce gobe da hantsi Bature zai iso. Malam ya yunƙura zai je ya wanke inji, bai kai ƙofar ɗaki ba jiri ya zaunar da shi. Ya koma tabarma yana ta maimaita cewa injin ya yi kaca-kaca, har barci ya ɗauke shi.

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Sai kuma wata zuciyar ta ce mini, wai ke, mene ne inji in ba ƙarfe ba? Ni da a Zugurma ake aiko ni gidan biki musamman don in goge tasoshin jere? Tukunyar da ta shekara a kan murhu in na kama ta sai ka ga fuskarka a jiki. Nan take na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka mai laushi, na ɗauki sosona da tulun ruwa, na ɗaura zani tamau na fita.

Buɗe murfin bai ba ni wuya ba, na sha leƙen Malam ta ramin zana yana buɗewa. Na leƙa ciki na ce, wannan ai ƙazantar maza ce kawai. Na barbaɗa toka ko'ina, na bi da ruwan tsamiya, na shiga dirza har ina 'yar waƙa. Murfin tagulla da ke kan lagireto, wato tankin ruwan inji, ya fara walƙiya, kaina ya ƙara girma. Amma toka da baƙin mai da suka haɗu sai suka zama wani baƙin ƙullu mai danƙo. Na ɗaga tulu na kwarara masa ruwa, a kan wayoyi da komai. Ƙullun ya narke, ya gangaro ta gefe biyu, ya zana layi-layi a kan koren fentin da ke saman taya.

Duk da haka ban saduda ba. Na ɗauki tsumman da na goge inji da shi na goge fenti, tabon ya ƙara faɗi. Na ƙara toka na dirza da ƙarfi, baƙin ya fita, sai dai ya tafi da ƙyallin fentin, wurin ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Da wannan tunanin ya zo mini sai na ce, yauwa, ai maganin kenan. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar man gyaɗa na garata, na shafe fentin, ya yi sheƙi. Da na ga abin ya yi kyau (Allah ya yafe mini) sai na shafe injin ma gaba ɗaya. Na rufe murfi na koma gida ina jin babu mace kamata a ƙasar Kontagora. Ban gaya wa Malam ba, so nake ya gani da idonsa.

Ya kuwa gani. Da safe jikinsa ya ɗan yi sauƙi, ya dogara bango ya fita, ni kuma na maƙale a bayan zana ina jiran yabo. Ya ɗaga murfi ya leƙa. Kiyashin unguwar kaf sun kwana a ciki, layi na shiga layi na fita, man ya tsane, tabon fenti ya dawo fili. Bai kira ni ba. Ya cire filogi yana gogewa da gefen rigarsa, ya mayar, ya murɗa ƙarfen tayar da mota har gumi ya jiƙa shi. Motar ta yi tari, ta yi tari, sannan ta kama, daidai lokacin da Bature ya ɓullo da tafintansa da 'yan ɗaukar kaya.

Inji na ɗaukar zafi sai farin hayaƙi ya tashi, ƙamshin suya ya cika wurin. Wallahi da ka rufe ido cewa za ka yi bakin kaskon mai ƙosai kake. 'Yan kaya suka fara waige-waige. Bature ya sauko daga doki, ya zagaya motar a hankali, ya zaro hankicin nan ya goga, ya ɗago shi da mai da kiyashi. Ya yi magana a hankali, tafinta ya ce ana tambaya wane ne ya yi wannan aiki.

Malam ya cire hula ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ban san sanda na ja mayafi na fito ba, ni da ko gaban ƙannen miji ba na ɗaga kai. Na durƙusa na ce ba shi ba ne, ni ce, shi yana kwance ba lafiya. Tafinta ya juya maganar, Bature ya ce a tambaye ni me na sa. Na lissafa da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji: toka, ruwan tsamiya, man gyaɗa. Tafintan nan, wani dattijo Banufe mai fuska kamar ba ya dariya, ya sunkuyo ya ce, "Amarya, gishiri fa? Ko shi kika manta?"

'Yan kaya suka kwashe da dariya, wani har da zama a ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Bature ya juya mana baya yana kallon bishiya, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo ya ce direba ya koma ya kwanta sai ya warke, sannan ya gyara mota, matarsa kuma kada ta ƙara taɓa ko taya.

Da Malam ya warke ya sa ni zama a kan turmi ina kallo daga nesa. Ya shimfiɗa buhu a kan fenti ta kowane gefe, ya naɗe wayoyi da busasshen tsumma, ya tsoma ɗan burushi a kananzir yana bin inji lungu-lungu, tsumman ciki daban na waje daban, ruwa kuwa ko ɗigo. Injin ya fito tas. Tabon fentina dai bai fita ba, da shi motar ta yi ta yawo, mutanen gari na kiranta motar amarya.

Ina zaune a wurin kuka ya ƙwace mini. Na ce masa in ya ga dama ya mayar da ni Zugurma, na kusa raba shi da abincinsa. Ya goge hannu, ya dube ni, sannan ya ce, "Amarya, tun da na fara aiki da Turawa ba wanda ya taɓa fitowa ya tsaya mini a gabansu sai ke. Ina zan mayar da ke?"

Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina doka: duk ƙarfen da ba a dafa abinci a cikinsa, sai na tambayi mai shi kafin in jiƙa tsamiya.